Kurman Ambursa Ba Zai Zo Argungu Ba

Birnin Kebbi,
Jihar Sakkwato.

Zuwa ga ɗiyata Saratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki. Allah Ya tsare ku daga sharrin ruwa da na tudu, Ya sa zamanku a Argungu ya zama na alheri. Mu nan ƙalau muke, sai godiyar Ubangiji.

Wasiƙarki ta iso ta hannun direban motar Argungu. Kafin in taɓa abin da kika roƙa, bari in gaya miki cewa ban kai ki makaranta don ki riƙa rubuto wa uwarki da jan biro ba, sai ka ce mai gyaran jarrabawa. Gaisuwarki ma layi ɗaya ce, roƙonki ya cika shafi. Ki gyara.

Kin ce zauren gidanku duhu gare shi ko da rana tsaka, har kin ci karo da babur ɗin maigidanki kin ƙuje ƙauri. Kin ce surukinki zai zo daga ƙauye da zarar an gama yankan shinkafa, zuwansa na farko tun da aka kai ki, ga shi idonsa ya yi rauni, kina tsoron ya shigo ya yi tuntuɓe ya koma yana cewa an aura wa ɗansa wadda ba ta san gyaran gida ba. Wannan tsoro yana kan hanya, ban ma zaci kina da shi ba. Abin da suruki ya gani a zuwansa na farko shi zai ɗauka ya kai wa dangi, kuma da shi za a riƙa kiran ki har ki yi furfura. Sai kuma kika rufe da cewa in aiko miki da babban madubin nan da ke jingine a bayan kabad ɗina, fuskarsa ga bango, tunda ba na amfani da shi, ki rataya a zaure don ya ƙara haske.

Ba zan aiko ba. Dalilin yana da tsawo, saboda haka ki sauke tukunya in kin ɗora, ki nemi wuri ki zauna. Kada ki ƙona abincin mutane ki ce ni na sa.

Lokacin da aka kawo ni gidan babanki, zauren nan da kika sani bai fi naku haske ba. In ka shigo daga rana sai ka tsaya kana lalube kamar wanda ya faɗa rijiya. Ni kuwa ga ni da ɗanyen kai, ban daɗe da barin makarantar 'yan mata ba, inda wata Baturiya ta koya mana kula da gida. Ita ta ce mana ɗaki mai duhu ba ya son komai sai farin bango da taga da madubi. Na rubuta, na haddace, na ci jarrabawa a kai. Abin da ban tsaya na tambayi kaina ba shi ne, ita matar nan ta taɓa zama a gida mai zaure?

Da farin bango na fara. Na sa aka kawo mini farar ƙasa, na dama da ruwa zalla, na yaɓe zauren tun daga daɓe har azara. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta leƙo ta ce, “Amarya, ba ki sa ƙaro ba? Ai ba ta kamawa.” Na ce mata ba haka aka koya mana ba. Ta ce, “To, Allah ya ba da sa'a,” ta koma gidanta.

Ranar Juma'a Alhaji Mode mai fataucin albasa, aminin babanki, ya biyo don su tafi masallaci tare. Yana sanye da babbar rigarsa ta shuni, baƙa wuluk tana ƙyalli, wadda ba ya fito da ita sai Juma'a. Ya zauna yana jira, ya jingina da bangona, ya miƙe ƙafa. Haka ya shiga masallaci gabansa baƙi bayansa fari, kuma a sahun gaba ya tsaya, inda duk garin ya kalle shi daga kabbara har sallama. Ba wanda ya gaya masa sai da ya isa gida. Kin taɓa tambayata me ya sa Alhaji Mode in ya zo gidan nan a tsaye yake gaisawa, a tsakiyar zaure, ya tattare rigarsa a hammata. Ga amsarki.

Saboda haka in za ki shafa farar ƙasa, ki jiƙa ƙaro ki dama da shi. In ta bushe ki goga baƙin zanenki a jiki ki gani kafin rigar wani ta gwada miki. Kuma in tsohuwa ta leƙo ta yi miki magana, ki ajiye abin da ke hannunki ki saurara. Makaranta ta ba ki abin da ta sani, amma ba ta san bangon Argungu ba.

Ban daddara ba. Babanki ya fita rangadi, na aika aka kira magini, na nuna masa bangon da ya raba zaure da tsakar gida na ce ya huda mini taga, domin ta nan rana ke faɗowa da safe. Ya dubi bangon, ya dube ni, ya ce, “Uwar gida, ta nan ɗin?” Na ce ta nan. Ya ce, “Daidai ina?” Na nuna masa daidai kan mutum in yana zaune. Ya ɗauki gatarinsa.

Haske kam ya shigo. Ranar da babanki ya dawo, abokansa suka cika zaure yi masa barka da zuwa. Ni kuwa ina ciki da ɗaurin ƙirji, akuyar maƙwabta ta tsallako ta sa baki a cikin shinkafar da na shanya. Na ɗauki muciya na bi ta. Muka zagaye tsakar gidan nan, ina zaginta, ina zagin uwarta da mai ita, har zanena ya nemi kwancewa na riƙe da hannu ɗaya. Babanki ya ce bai taɓa ganin manyan mutane sun ƙura wa azara ido kamar ranar ba. Kowa ya ɗaga kai sama yana yabon aikin rufi. Da suka watse ya shigo, bai yi faɗa ba, ya ce kawai, “Liman ya ce a gaya maki akuyar tashi ta, kuma ya ji saƙon.” Washegari magini ya dawo da ƙasa a kwando. Ya toshe tagar, ya yaɓe wurin.

Ki sani, duhun zaure ba kuskuren magini ba ne. Ki dubi ƙofofin: ta waje da ta ciki ba sa kallon juna, don idon baƙo ya tsaya inda ƙafarsa ta tsaya. In lalle sai kin yi taga, a yi ta ƙarama, can sama kusa da azara, ta ɓangaren hanya. Kuma ki tambayi maigidanki tukuna. Gidan haya kuke, shi kuma ma'aikaci ne, gobe takarda na iya fitowa daga Sakkwato a ce ku koma Gusau ko Zuru, ku bar mai gida da rami a bango.

Yanzu na zo kan madubin da kike nema. Yana cikin kayan aurena, mahaifina ya sayo shi daga Ikko, tsawonsa ya kai tsayin mutum. A duk unguwar babu mai irinsa a lokacin. Da taga ta ƙi, sai na sa aka kafa shi a bangon da ke fuskantar ƙofar waje. Gaskiya ba zan ɓoye ba, zauren ya yi haske, har ana iya sa zare a allura. Babanki ma ya yaba. Na ce a raina yau dai Baturiya ta yi gaskiya.

Kakanki Malam, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa taka gidan ba tun da aka kawo ni, duk da cewa gidansa yana bayan masallacin unguwa ne kawai. Kin san shi da tsufansa, lokacin da ya yi laushi yana ba ku dabino. Ba ki san shi a wancan zamani ba. Mutum ne mai kwarjini, ba ya dariya, in ya biyo hanya manya ma gyara tsayuwa suke yi. Idonsa kuwa ya fara yana tun a lokacin.

Ran nan bayan azahar, rana na tsakiyar zafinta, babanki na kwance a ɗaki, sai na ji sallamarsa a zaure. Ina tsaye daidai inda aka toshe tagar nan, yaɓen bai yi kauri ba, ana jin komai. Na amsa, amma a hankali, da muryar kunya irin ta sabuwar suruka, yadda ni kaina ban ji sosai ba. Sai na ji ya sake sallama, da ƙarfi, kuma na gane ba da mutanen cikin gida yake ba.

“Salamu alaikum. Bawan Allah, da kai nike.”

Shiru.

“To, in ba ka amsawa, ba ni hanya.”

Na ji jan takalmi zuwa dama, na ji zuwa hagu.

“Wuce, to. Na ce ka wuce. Ikon Allah.”

A nan na gane da wa yake magana. Ya kamata in ɗaga murya in ce, Baba, madubi ne. Ban yi ba. Na tsaya riƙe da baki. Ya fita waje, ya zauna a kan dakali, ya ƙwala wa babanki kira da cikakken sunansa. Kafin babanki ya fito da hula a hannu, maƙwabta sun fara tsayawa gaishe da Malam, har da Alhaji Mode.

Malam ya ce, “Wane na wanga cikin zaurenka?”

Babanki ya ce, “Wa, Baba?”

“Tsohon ga. Na yi mai sallama bai amsa ba. Na sake, sai motsa baki shikai awa mai cin goro. Na kauce in ba shi hanya, ya tare ni. Na koma nan, ya biyo ni. Gemu hwari tas, amma ba ladabi ko ƙanƙane. Ga huska a murtuke, ga rawani a karkace awa cikin gudu anka naɗa shi. Ni tun da nike ban taɓa ganin tsoho mai baƙin rai irin wanga ba. Ina kas samo shi?”

Saratu, ki sa kanki a wurin babanki. Mahaifinka ya gama siffanta mutum da baƙin rai da rashin ladabi da karkataccen rawani a gaban jama'a, kai kuma za ka ce masa, ai kai ne. Ban ce abin da babanki ya yi daidai ne ba. Ba daidai ba ne. Ya dubi ƙasa, ya dubi Alhaji Mode, Alhaji Mode ya dubi sama. Sai ya ce, “Baba, kurma na. Baƙo na daga Ambursa.”

Malam ya ce, “Kurma. Allahu akbar. Ashe alhakin bawan Allah na ɗauka.” Ya miƙe, ya ce ba zai koma ciki ba kada ya ƙara takura wa baƙo, ya kama hanyar gida.

Kafin la'asar mun sauke madubin, mun kai shi bayan kabad, inda kika san shi. Babanki ya share gumi ya ce Allah Ya rufa asiri. Muka ɗauka magana ta ƙare.

Washegari sai ga kakarki Inna da kanta, ɗauke da akushi cike da tuwon shinkafa da miyar kifi. Ta ce, “Malam yac ce a kai ma baƙo, na ban haƙuri na. Yac ce a cinye duka a maido akushi.” Ta leƙa zaure. “Ina shi?”

Babanki ya ce ya zagaya.

Ta zauna a tsakar gida ta ce za ta jira akushinta. Babanki, wanda bai daɗe da tashi daga kan nawa tuwon ba, ya ɗauki akushi ya shiga zaure shi kaɗai. Ina jin sa yana nishi. Ya fito da akushi a suɗe, Inna ta duba ta ce, “Masha Allahu, baƙon ga na da ci.”

Haka aka yi ta yi kullum. Duk zuwan Inna baƙo ya zagaya. Har ta ce, “Wanga bawan Allah ko cikinai na ba lafiya? Kullum bayan gida.” Babanki ya yi ƙiba, wuyansa ya cika, a ofis ana ta yi masa barka da samun mace mai iya girki. Ni na san ba girkina ba ne.

Sai Malam ya ce bai kamata a bar Musulmi da kurumta ba a nema masa magani ba. Ya fara yin rubutu, yana wankewa, Inna na kawowa a ƙwarya. Tuwo ana iya ba wani a ɓoye, amma kin san rubutu ba a zubar da shi a ƙasa. Babanki ya sha. Ya sha na safe, ya sha na yamma, ya sha wanda aka haɗa da wata saiwa mai ɗaci da ke sa hawaye. In kina mamakin yadda babanki ke jin raɗa daga ɗaki alhali kuna bakin murhu, to yanzu kin san inda ya samo kunnen.

Da abin ya ishe shi, ya je ya durƙusa ya ce wa Malam baƙo ya gode, ya koma gida Ambursa. Malam ya ce madalla. Aka kwana biyu, muka fara numfasawa. Sai ya aiko a kira babanki, ya ce, “Zuciyata ba ta kwanta ba. Ban roƙi gahwarar mutumen ga baki da baki ba. Ambursa ba nisa. Gobe ka ɗauke ni bisa kekenka mu tai.”

Babanki ya dawo gida ya zauna a bakin rijiya ya dafe kai. Na ce masa ya je ya faɗi gaskiya. Ya ce, “Bayan tuwon da na ci?” Na ce to ya san abin yi. Ni ma ban ce zan je in faɗa ba, alhali ni na kafa madubin. Da safe ya tafi, ni kuma na bi bayansa da sunan gaishe da Inna, na laɓe a ɗakinta.

Ya ce, “Baba, labari ya zo daga Ambursa. Baƙon nan Allah Ya yi mai rasuwa.”

Malam ya yi salati, ya yi istirja'i. Ya ce, “To, sai mu tai gaisuwa.”

“Ai ba shi da kowa, Baba.”

“Ba shi da kowa?”

“Ko mutum guda.”

“To wa ya aiko da labarin?”

Babanki ya yi tari. Malam bai jira amsa ba, ya ce, “Tunda ba shi da kowa, mu na nashi. Gidanka yas sauka, zaurenka na gan shi. Sadakarshi ta hau kanku. Matarka ta riƙa toya masa kowace Juma'a a raba ma mutane, Allah Ya kai lada kabarinai.”

Sauran kin san shi, domin a cikinsa kika tashi. Masar Juma'a da kuke rububi a kanta, ta marigayi kurman Ambursa, wannan ce. Na toya ta da cikin yayanki, na toya ta da cikinki, hayaƙi na shiga mini ido, amai na taso mini. Na toya ta da damina itace a jiƙe. Duk Juma'a Malam zai aiko a tambaya ko an yi, kuma a kai masa tasa ya ɗanɗana ko ta yi kyau yadda ya dace da mamaci. In ya yi addu'a bayan an ci, sai ya sa da “bawan Allah na Ambursa,” ku kuma ku ce amin da ƙarfi. Kina aji biyu kika gaya wa malamarku cewa kuna da kawu kurma da ya rasu, har kika yi mata kuka. Ta tare ni a hanya ta yi mini ta'aziyya, na karɓa.

Babanki ya leƙo yanzu yana tambaya me nake rubutawa haka kamar magatakardan kotu. Na ce zancen kurma ne. Ya ce, “Haba, ki ruhwa man asiri wurin yarinyar ga.” Na ce wanda ya haifi kurma kuma ya kashe shi ba shi da bakin magana. Ya ce a gaishe ki, ya fita.

Bayan Malam ya rasu, Inna ta fita takaba, wata Alhamis ta zo ta same ni ina wanke shinkafar masa. Ta zauna a kan turmi tana kallona. Sai na ga kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kukan mijinta take, na matso in ba ta haƙuri, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta.

Ta ce, “Ke 'yar boko, aje shinkafar ga ki ji. Kina tsammanin Malam bai sani ba?”

Na ce, “Bai san me ba, Inna?”

Ta ce, “Tun bisa hanyar gida yag gane. Ya kai hannu ga rawani, yaj ji shi a karkace. Ya shigo ɗakina ya zauna yac ce, ‘Ni na tsohon. Ni na mai baƙin ran.’ Yai ta dariya har da tari. Tun da anka kawo ni gidanai ban taɓa ganin haƙoranai duka ba sai rannan.”

Na zauna a ƙasa, hannuna na ɗigar ruwan shinkafa. Na ce to me ya sa bai faɗa ba?

Ta ce, “Cewa yay yi, da ɗanai ya hwaɗa mai gaskiya, da ya ji kunyar wuni guda, shi ke nan. Amma tunda ya dube shi ya yi mai ƙarya, matatai kuma tana bayan bango ta yi shiru, to bari a ga inda za su kai kurman ga. Kullum jira shikai ɗayanku ya zo ya durƙusa. Tuwo bai kawo ku ba, rubutu bai kawo ku ba. Da kunka kashe mutumen, yac ce, to, su yi ta suya.”

Na ce, “Har tsawon shekarun nan, Inna?”

Ta ce, “Ya so ya yahe maku tun da wuri. Masarki ta ke da daɗi.”

Ta kuma gaya mini abin da ban lura ba. Tun daga ranar, in zai fita sai ya tsaya ya tambaye ta ko rawaninsa ya daidaita, kuma ya rage ɗaure fuska, har mutanen unguwa na cewa tsufa ya sa Malam sanyi. Ba tsufa ba ne. Ya ga abin da mutane ke gani in ya biyo hanya, bai ji daɗinsa ba.

Washegari na toya masa kamar kullum, kuma ban fasa ba har yau. Mutanen unguwa sun saba, sannan tsohon da aka gani a zauren nan yanzu ya rasu da gaske, kuma na san sunansa.

To, ga abin da za ki yi kafin surukinki ya zo, kuma ki yi shi yadda na faɗa. Ki sa maigidanki ya fitar da babur ɗin nan daga zaure, zaure ba gareji ba ne. Ki share yanar gizo, ki shafa farar ƙasa da ƙaro. Ki duba bango, za ki ga alkuki, ramin nan da magina ke bari don ajiye fitila. Na tabbata naku cike yake da tsofaffin batura da ƙusoshi. Ki kwashe, ki sa fitilar ƙwai a ciki, ki riƙa goge ƙwan da toka kina datse lagwani, domin fitila mai hayaƙi za ta mayar miki da farin bango baƙi kafin wata ya ƙare. Kada ki dogara da ƙwan lantarki. Wutar nan baƙuwa ce, ranar da kike bukatarta ranar take tafiya ganin dangi. Da rana ki naɗe asabarin ƙofar waje sama, rabin duhun zaurenku ma na san daga nan yake. Ki shimfiɗa sabuwar tabarma mai haske, ki ajiye buta da ruwa a gefe, ba a kan hanya ba. Kada ki liƙa kalandar nan mai hoton mata da na gani cikin kayanki. Tsoho mai raunin ido zai iya gaishe su.

In ya yi sallama, ki amsa yadda zai ji. Kunya ba ta hana amsa sallama, kuma da na buɗe baki ranar nan da ban ƙare rayuwata a bakin tanda ba. In kuma duk da haka wani abu ya ɓaci, ya yi tuntuɓe ko rigarsa ta kwashi fari, ki durƙusa nan take ki ce laifinki ne. Kada ki bari maigidanki ya gyara miki da ƙarya, maza ba su iya ta ba, sai su fara ba su san inda za su sauke ba. Kuma kada raunin idon tsoho ya ruɗe ki. Yana ganin ki sarai.

Na ba direba ƙullin farar ƙasa, da ƙaro, da fitila sabuwa, da tabarma. Ki duba ƙwan fitilar a gabansa kafin ya tafi. Madubi kuwa yana nan inda yake. Kurman Ambursa an riga an yi masa sadaka, ba zan tashe shi in sa shi a mota zuwa Argungu ba.

Ki gaishe da maigidanki da kyau. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki rage dariya da ƙarfi, ana jin ki daga zaure. Allah Ya kawo surukinki lafiya, Ya mayar da shi yana sa miki albarka. Allah Ya haskaka gidanki, Ya kare ku daga abin da kuke gani da wanda ba ku gani, Ya haɗa fuskokinmu cikin alheri. Amin.

Ni ce,
Mahaifiyarki.

Na manta. A ƙasan kayan za ki ga ƙaramar tandata ta masa, naɗe a tsumma. Na san halinki, kuma na san ana sayar da madubi a kasuwar Argungu. In kin ƙi jin maganata, ki fara jiƙa shinkafa tun ranar Alhamis.